Na Biyar Ɗin da Ba a Rubuta Ba

A tashar Zinder, Lubabatu ma'aikaciyar ƙididdiga tana jiran mota ta cika, sai wata mata ta leƙa takardunta.

"Malama, ba ku ne kuka zo Hamdara bara ba? Me kuka samu?"

"Alheri, Inna. Yaran unguwarku duk suna lakwal suna karatun boko, babu mai damuwa."

"Uhm. Huɗu na ce maku ina da su. Biyar ne."

"Don me kika rage ɗaya?"

"Haba, wace uwa ke ambaton ɗan fari gaban baƙi? Da kunya."

"Yana lakwal?"

"Ya bari. Wata shida ke nan ba magana, ba wasa. Daga wurin likita nake."

Lubabatu ta zaro alƙalami. "Yaya sunansa?"

Matar ta sunkuyar da kai. "Rubuta 'yaron nan'. Ni ma haka nake kiransa."