Gero a Fankar Hita

A tashar motar Minjibir, da sanyin safiya, wani direba ya cusa kai ƙarƙashin dashbod, wani dattijo fasinja yana kaiwa da komowa a kansa.

"Direba, tun ɗazu muke jira. Yau za mu tashi kuwa?"

"A yi haƙuri, Baba. Fankar hita ce ta daina juyawa. Gobe da asuba zan ɗauko 'yan tsaki daga Kano, in babu ɗumi a hanya za su mutu."

"Ka duba fiyus?"

"Lafiyarsa ƙalau. Wuta ma tana zuwa, sai dai fankar ta yi gurnani ta tsaya."

"To wani abu ne ya riƙe ta. Bubbuga ƙasan nan mu gani. Yauwa, ka ga abin da ke zubowa? Gero ne da tsumma. Ɓera ne ya yi maka gida a ciki. Me ya kawo gero motarka?"

"A cikin motar geron yake kwana, Baba. Rumbu kowa yana gani. Bana kuwa da an san kana da hatsi, sai 'yan'uwa su yi ta sallama da ƙwarya. Ni na ce musu nawa ya ƙare."

Dattijon ya daina zirga-zirga.

"Jiya na je wurin ƙanena neman na tuwo. Ya buɗe mini rumbunsa, babu ko ƙwaya. Har tausayinsa na ji."

"Wataƙila gaskiya ya faɗa maka, Baba."

"Wataƙila. Amma shi ma yana da mota, kuma tun shigowar sanyi yake kukan hitarsa ba ta aiki."