Ɗanmu Ya Zo Mana da Tafinta

Salama a gare ka mai gabatarwa, da dukan masu sauraro. Ni tsohuwar malamar firamare ce daga wani ƙauye kusa da Fadan Kagoma, kuma raina a ɓace yake.

Ɗan majalisarmu na tarayya, ni na koya masa riƙe fensir. Da ya nemi kansila, mu matan zumunta muka bi gida gida muna nema masa ƙuri'a. Ya zama ciyaman, muka yi rawa. Da zai tafi Abuja, ya durƙusa a majami'a, ya yi mana alkawari da yarenmu cewa zai gyara gadar da muke fitar da citta kasuwa.

Ruwan bara ya tafi da gadar. Mota ba ta shigowa, cittarmu tana jibge a gida. Makon jiya ya zo jana'iza, na tashi na kai masa kukanmu da yaren da uwarsa ta raine shi da shi. Sai ya juya wajen wani mai kwat, ya tambaya da Turanci, wai me Mama take cewa. Mai kwat ya fassara masa! A gabana! Yaron da na sha share wa majina!

Ina gaida matan zumuntarmu, ku ba ni shawara in na yi kuskure. Ni dai ranar da ya dawo neman ƙuri'a da yarenmu, zan ce a kira mini tafinta.