Ranar da Kofin Shayi Ya Ƙona Ni

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Ni ne Sale mai gyaran rediyo a Bololo.

Bara kwanon rufi ya yanke ni a wuyan hannu. Aka ɗinke, ciwo ya warke, amma yatsuna uku suka mutu murus. Har ƙarfen solda ya ƙona ni ban sani ba, sai ƙauri na ji. Na ce shi ke nan, sana'a ta ƙare.

Likita ya ce, "Malam Sale, jijiyar da ke kai saƙo ce ta katse. Ƙwayoyinta, nuron, kowace tana da ƙananan rassa masu karɓar saƙo kamar eriya, da dogon zare mai lulluɓi mai isar da shi kamar wayarka."

Na ce, "To ai kun haɗa wayar, me ya hana wuta wucewa?"

Ya yi dariya, ya ce wannan ba tagulla ba ce. Zaren sai ya sake tsirowa kaɗan-kaɗan har ya kai yatsa.

Wata bakwai ina jira. Ran Juma'a Abakar mai shayi ya miƙo min kofin gilashi, na kama, zafi ya ratsa ni, na sake shi ya fashe. Yana ba ni haƙuri, ni kuwa ina rungume shi don murna, yatsun da suka mutu sun ji zafi!

Masu irin lalurata, ku koma wurin likita, kada ku yanke ƙauna. A gaishe min da Abakar. Gobe ma ya zubo da zafinsa.