Ƙofar Ruwan Narta

Lefter: Alo? Kujtim? Kai ne ko iska?

Kujtim: Ni ne, Baba. Ina wuni? Ya ƙafar?

Lefter: Kafa me?

Kujtim: Ƙafarka! Ya jiki?

Lefter: Da sauƙi. Ƙanwarka ta tsare ni a birnin Tirana, hawa na shida, daga miya sai allura. Ya matarka? Ya tafkin Narta?

Kujtim: Lafiya lau. Tana gaishe ka.

Lefter: Baƙina tsuntsaye fa? Sun ƙyanƙyashe?

Kujtim: Baba, layin nan...

Lefter: Layi garau yake. Da aka kwantar da ni sheƙa saba'in na bari a tsibirin. Nawa ne yanzu?

Kujtim: Zafi aka yi, Baba. Ruwa ya ja baya, ya fara wari, kifi na ta juya ciki sama. Masunta, su Bardhyl, suka taso ni gaba.

Lefter: Ka buɗe ƙofar ruwan da ke tsakanin tafki da teku.

Kujtim: Awa biyu kawai na yi niyya.

Lefter: Kujtim! Ba a buɗe wa teku sai 'ya'yan sun tashi. Ko Bardhyl da ƙaton kansa ya san haka. Ba ka duba jan zanen da ke jikin turken auna ruwa ba?

Kujtim: Na duba, saura taƙi guda ruwa ya kai shi. Na ce bari in sha kofi in dawo. Sai iska ta juyo daga teku.

Lefter: Sai me?

Kujtim: Ruwa ya shanye tsibirin. Na shiga har ƙirji. Ƙwai na yawo a kan ruwa, ina tara su a hula. Iyayen sun kwana biyu suna kewaya wurin.

Lefter: Shekara talatin da ɗaya ina jidar laka da kwando, ni da mahaifiyarka, muna gina tsibirin nan, don tsuntsun da ya taso tun daga Afirka ya sami inda zai sauka.

Kujtim: Na sani. Wallahi tun ranar ban iya cin kifin tafkin ba. Ka yafe mini. Baɗi za su dawo.

Lefter: Baɗi. Likita bai yi mini maganar baɗi ba. Kana ina yanzu?

Kujtim: A bakin turken.

Lefter: Ɗaga wayar sama in ji su.

Kujtim: Baba...

Lefter: Ɗaga mana.

Kujtim: Na ɗaga.

Lefter: To. Ruwa nake ji.

Kujtim: Baba, gobe zan fara jidar laka, in... Alo? Baba?