Cibiyar da Ta Ƙi Bushewa

A bencin jira na sashen masu ciwon jini a asibiti, wani direba ya tsaya zance da wata tsohuwa da bai sani ba. Matarsa na gefe rungume da jariri.

"Dangina duk sun ce daga ita ne, Iya. Wai mugun jini gare ta. Ɗanmu na fari ta cibiya jini ya ƙare masa. Ga wannan ma ya fara."

"Ya tsaya yau, gobe ya dawo?"

"Wallahi haka! Ya aka yi kika sani?"

"Jikata ce a ciki, duk wata ake mata allura. Akwai abin da ke riƙe jini in ya daskare, ita ba ta da shi. Cibiya da sauƙi, ɗana. Abin tsoron shi ne yaro ya bugu a ka, jini ya zuba ciki ba ku gani ba."

"Innalillahi! Zai rayu kuwa?"

"Tawa har ta shiga makaranta. Amma ko kaciya kada ku yarda sai likita ya sani."

"To uwar fa, ana iya wanke mata jinin?"

"A wanke me? Likita ya ce irin wannan sai uwa ta kawo rabi, uba ya kawo rabi."

"Uba?"

"Kai da kake zaune."

Nas ta leƙo ta kira su. Direban ya miƙe, ya ɗauki jakar jaririn.

"Ki yafe mini," ya ce wa matarsa. "A gabana dangina suke zarginki, ban taɓa tare miki ba."