Allon Ɗan Ƙwallo da Gizagon Baba

Kuɗin motar da ya kai ni Ikko, kwale-kwalen Baba ne. Shi ne na ƙarshe da ya sassaƙa kafin idonsa ya mutu. Ya sayar wa wani masunci, ya damƙa mini kuɗin ya ce, "Sale, je ka nemo abin da za mu sayi gungume. In ba kai ba, babu mai riƙe gizagon gidan nan."

Ku samarin yanzu ba ku san gidanmu da aiki ba. Masassaƙa ne mu kaka da kakanni, turmi da akushi da jirgin ruwa duk na Haɗeja sai an zo ƙofarmu. To itace ya ƙare, roba ta kashe akushi, ciyawar kacalla ta toshe kogi.

Ikko kuwa, Allah ya kyauta. Matar da ta ba mu hayar ɗaki kullum da sassafe tana bakin famfo.

"Aboki, wa ya ƙarar mini da ruwa?"

"Alwala na yi, Madam."

"Kullum alwala! Kai kifi ne?"

Da ƙyar na samu aiki a wani shagon katako. Akwai wani inji a ciki, wai shi si-en-si. Bakina ya ƙi kamawa, na riƙa ce masa sinasir, ma'aikata suna ta shewa. Tebur ne faffaɗa, da wani ɗan ƙarfe mai tsini yana juyawa kamar mahaukaci. Oga ya zana abu a kwamfuta, ya danna, injin ya bi katako yana ci. Aikin da zai ɗauke ni mako, kafin shayi ya huce ya gama.

Na ce, "Oga, ni fa masassaƙi ne."

Ya ce, "Ga masassaƙi nan a gabanka. Kai ɗauki tsintsiya."

Raina ya ɓaci, amma na ɗauka. Ni ne ɗaure katako, ni ne share garin katako, ni ne shafa fenti.

Rannan wani mai son ƙwallo ya zo, ƙungiyarsa ta can Turai za ta buga wasan ƙarshe. Yana son allo na ratayewa a falo, da tambarinsu, da rubutu wai su ne gwanaye har abada. Da aka kawo katakon sai da na haɗiye yawu. Maɗaci ne jawur, irin wanda Baba ya shekara yana nema.

To ga abin da ba ku sani ba. A gidanmu sara ɗaya, shafa ɗaya. Ka sara da gizago, ka bi wurin da tafin hannu, don da hannu ake jin inda itace ya nufa. Ina yaro in na manta, Baba ranƙwashi yake ba ni. Injin yana tsakiyar tambari sai na ji kukansa ya canza, ya tarar da ƙulli a cikin itacen. Oga yana waya a waje. Wallahi ban yi shawara da hannuna ba, shi ya tafi da kansa ya shafa. Gizago yana ɗagawa ya jira ka. Wannan ba ya jira.

Babban yatsa da manuni, na dama, ya cinye. Ku duba, ba sai kun kau da kai ba.

Oga ya biya asibiti, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma da na koma, wani ne riƙe da tsintsiyar. Mai ƙwallo ya ƙi karɓar allon saboda jini ya shiga cikinsa, sai aka ba ni a matsayin sallama. Shi ne wanda kuke gani muna tare ruwa da shi a bakin zaure in kogi ya kawo.

Kai Habu, na ji ka sayar da kekenka za ka tafi. Ban hana ka ba. In na ce ka zauna, me zan nuna maka a nan?

Da na iso gida Baba yana zaure. Duk hanya ina shirya abin da zan faɗa, ashe ba a bukata. Na durƙusa na miƙa hannu, ya kama, ya shafa sau ɗaya kamar yadda yake yi wa gungumen da gara ta ci. Ya daɗe bai saki ba.

Ya ce, "Sannu da hanya, Sale."

Bai tambaye ni komai ba. Washegari ya sa aka kai gizagon maƙera, aka mai da shi fartanya.