Ɓerayen da Suka Fi Maigida Gata

A bencin tashar mota, wata mata ta ƙura wa kejin fararen ɓerayen na kusa da ita ido.

"Malam, kiwonsu kake yi?"

"Na bincike ne, baiwar Allah. Maganin feshin gona muke ba su, sai mu bi da ruwan ciyawar teku, mu ga ko zai kare hantarsu."

"Yana karewa?"

"Dube su mana, ɓul-ɓul!"

"Ikon Allah! Maigidana feshin nan ne sana'arsa, hantarsa ta kumbura. Daga asibiti nake. Sam mini kwalba ɗaya."

"Haba! Ai ba a gwada a kan mutum ba tukuna."

Ta sake leƙa kejin.

"To ku yi masa wuri a ciki mana. Gubar dai ya riga ya sha, ba sai kun saya ba."